Gemu Ba Ya Hana Ilmi: Darasi ga Hakimai da Malamansu a Kan Sake Sana'a Bayan An Manyanta

1. Dalilin wannan darasi

Da wuya hakimi ya yi shekara guda bisa gadon sarauta ba a kawo masa irin wannan magana ba. Magidanci ne mai shekara 40 ko 50 zai zo ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce sana'ar da ya tashi da ita ta daina ci da shi. Wani masaƙi ne, yadin kanti ya kashe masa kasuwa. Wani ma'aikaci ne, an sallame shi, ko kuwa ya ga ranar barin aiki ta matso. Wani direba ne, ido ya soma gazawa. Tambayarsu duka ɗaya ce, watau ko mai furfura yana iya kama wata sana'a dabam, ko kuwa lokaci ya riga ya wuce.

Amsar da aka ba shi a zauren hakimi tana da nauyi ƙwarai, gama bayansa akwai mata da 'ya'ya, watakila har da tsofaffin iyaye. Idan aka karya masa zuciya, sai ya koma dakali ya zauna, gida ya lalace. Idan kuwa aka zuga shi ba tare da lissafi ba, sai ya sayar da gonar gado, kuɗin su narke.

Wannan hali yakan faɗa wa mutane da yawa a lokaci guda. Masaƙar zamani ta farko a Kaduna an buɗe ta a 1957, aka rufe ta a 2002, wasu kuma suka bi bayanta. Dubban magidanta suka wayi gari ba aiki, da yawansu suka koma garuruwansu na asali, suka zama nauyi a wuyan hakimai da dagatai. Saboda haka ya kamata kowane hakimi da malaminsa su san abin da za su faɗa wa irin waɗannan mutane.

2. Waɗanda suka riga suka gwada

Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877, fataken goro ne tun yana saurayi, yana kai da kawowa tsakanin Kano da ƙasar Gwanja. Da hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe. A 1918, yana da shekara 41, ya zama mai saya wa kamfanin Turawa gyaɗa. Kafin rasuwarsa a 1955 ana lissafa shi attajirin da ya fi kowa dukiya a Afirka ta Yamma. Abin lura shi ne bai shiga gyaɗa hannu wofi ba. Ya shigo da yaransa na fatauci, da sanin hanyoyi, da amincin da mutane suka san shi da shi, kuma bai watsar da goro ba.

Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda aka haifa a 1912, ya kama aikin koyarwa a Makarantar Midil ta Bauchi a 1933. Ya yi shekara 12 yana riƙe da alli kafin ya tafi Landan ƙaro ilmi a 1945. A 1946 ya shiga Majalisar Jihar Arewa, a 1952 ya zama Ministan Ayyuka yana gab da cika shekara 40, a 1957 kuma ya zama Firayim Minista. Iya magana da iya bayani da ya koya a gaban yara, su ne jarin da ya tafi da shi majalisa.

A cikin malamai na dā akwai Abubakar al-Kaffal, mutumin Marwa ta ƙasar Khurasan, wanda ya rasu a shekara ta 417 ta Hijira. Maƙerin makullai ne, laƙabinsa ma daga sana'ar ya samo shi. Sai da ya kai shekara 30 ya ajiye guduma ya ɗauki littattafan fiƙihu, har ya zama babban malamin mazhabar Shafi'iyya a ƙasarsa.

A Arewa kuma an taɓa gwada abin da yawa. Yaƙi da Jahilci na shekarun 1950 ya zaunar da dattawa masu gemu a gaban allon bango, suka koyi karatu da rubutun boko. Makarantar koyon aikin mulki ta Kongo a Zariya, wadda ta soma a 1947 da horar da akawuna, ta karɓi hakimai da ma'aji da sauran ma'aikatan En'e. Sa'ad da aka kawo sabon kundin dokokin hukunta laifi a 1960, alƙalai da suka daɗe bisa buzu suka koma can suka yi kwas. Ba a ce wa kowa ya tsufa ba.

3. Abin da shekaru ke ragewa, da abin da suke ƙarawa

Akwai masu cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Maganar tana da gaskiya a wajen tarbiyya, amma ƙwaƙwalwar mutum ba ta bushewa kamar icce. A shekara ta 2000 masana a Landan suka binciki direbobin tasi na birnin, waɗanda ba a ba su lasin sai sun haddace dubban tituna, aikin da yakan ci shekara uku ko huɗu. Aka tarar sashen ƙwaƙwalwarsu mai riƙe hanyoyi ya fi na sauran mutane girma, alhali kuwa da girmansu suka yi wannan hadda.

Gaskiya ne shekaru suna rage waɗansu abubuwa. Ƙarfin jiki yana raguwa. Saurin hadda yana raguwa, abin da yaro zai kama da bita biyu babba sai ya yi biyar. Daga wajen shekara 40 ido yakan soma kasa ganin ƙananan baƙaƙe na kusa. Wannan na ƙarshe maganinsa tabarau ne, amma mutane da yawa sun bar karatu ko ɗinki saboda shi suna tsammani ƙwaƙwalwa ce ta gaza.

Shekaru kuma suna ƙara waɗansu abubuwa, watau haƙuri, da sanin halin mutane, da tattalin kuɗi, da suna a gari. A 2018 aka fitar da sakamakon wani bincike a Amurka a kan mutane fiye da miliyan biyu da rabi da suka kafa kamfanoni. Aka ga waɗanda kamfanoninsu suka fi saurin bunƙasa, matsakaicin shekarunsu lokacin kafawa 45 ne. Aka kuma ga wanda ya taɓa yin aiki a fannin da ya kafa kamfani ya fi baƙon fannin samun nasara. Wannan shi ne abin da labarin Ɗantata ya nuna tun tuni.

4. Shingaye uku na gaskiya

To, idan ba shekaru ne shinge ba, mene ne ke ka da mutane? Abu uku ne.

Na farko, abincin iyali. Yaro mai koyon sana'a a gidan ubansa yake ci, magidanci kuwa shi ake jira ya kawo cefane. Watannin da zai yi yana koyo ba ya samun kome, su ne suka fi kowane lokaci haɗari. Mafi yawan waɗanda suka fasa, yunwar gida ce ta fasa da su, ba taurin kai ba.

Na biyu, girman kai. Wanda ya saba ana ce masa maigida ko oga, yana jin nauyin durƙusawa gaban sa'an ɗansa ya ce a nuna masa yadda ake riƙe almakashi. Ga kuma tsoron bakin mutane. Wanda bai iya haɗiye wannan ba, kada ya soma.

Na uku, doka. Akwai ƙofofin da shekaru suke rufewa, kuma ya kamata a faɗa wa mutum gaskiya. Aikin soja da na ɗan sanda samari ake ɗauka. Wanda ya gama jami'a bayan ya wuce shekara 30 ba ya zuwa bautar ƙasa, takardar yafewa ake ba shi. Yawancin ma'aikatan Gwamnati suna barin aiki idan sun cika shekara 60 da haihuwa ko 35 da kama aiki, sai malaman makaranta da dokar 2022 ta ƙara musu zuwa 65 ko 40. Amma noma, da kiwo, da kasuwanci, da ɗinki, da gyaran injuna, da koyarwa a gida, babu dokar da ta sa musu iyakar shekaru.

5. Shawarar da za a bayar

Idan mai wannan bukata ya zo, kada a yi gaggawar ce masa i ko a'a. A zaunar da shi a bi waɗannan matakai.

(a) A tambaye shi abin da ya iya tun dā, a nemi sana'ar da ke maƙwabtaka da shi. Direban da ido ya gaza ya san kayan mota, ya san 'yan tasha, yana iya sayar da kayan gyara. Malamin asibitin da ya bar aiki ya fi kusa da kantin magani, idan ya sami lasin, bisa ga sayar da hatsi. Akawu yana iya riƙe littafin kuɗi na ƙungiyar manoma.

(b) A sa shi ya lissafa abin da gidansa ke ci a wata, da tsawon lokacin koyo. Idan ba shi da abin da zai riƙe gida har ƙarshen lokacin, ya dakata ya tara tukuna. Ga manomi, ma'aunin shi ne rumbu ya kai shi wata kaka.

(c) Kada ya saki reshe ya kama ganye. Ya soma sabuwar sana'a da maraice ko da rani, tsohuwar tana nan. Ma'aikacin Gwamnati ya sani tsarin mulki na 1999 ya hana shi gudanar da kasuwancin kansa yana bakin aiki, amma ya bar masa noma. Mai hankali yakan fara gonarsa shekaru kafin ranar sallama.

(d) Kada ya zuba kuɗin sallama duka a wuri guda, kada kuma ya sayar da gida ko gona don jari. Wanda ke cikin tsarin fansho na karo-karo, dokar 2014 ta yarda masa ya ciri kashi 25 cikin 100 na asusunsa idan ya rasa aiki ya yi wata huɗu bai sami wani ba. Wannan kuɗi abincin tsufansa ne ya ciro, ya taɓa shi da tsoro.

(e) A nuna masa inda zai koya. Akwai Hukumar Samar da Aikin Yi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1986, mai haɗa masu koyo da gwanayen sana'a. Akwai hukumomin ilmin manya na jihohi, irin ta Kano da aka kafa a 1980. Akwai Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, wadda ta dawo aiki a 2002, inda mutum ke karatu yana zaune a garinsu.

6. Abin da ya rataya a wuyan hakimi da malaminsa

Hakimi uban ƙasa ne, kalmarsa guda tana cire wa mutum kunya. Idan ya kira gwanin sana'a ya danƙa masa mai koyo a gaban jama'a, ya ce masa, "Ga yayanka nan, ka koya masa, ka kuma riƙe girmansa," to, masu dariya sai su yi shiru. Idan ya ziyarci ajin manya ya zauna kaɗan, ajin yakan cika. Haka kuma a tuna da mata, musamman waɗanda mazansu suka rasu suka bar su da marayu, gama su ma sau da yawa a tsakiyar rayuwa suke kama sana'ar da ba su taɓa yi ba.

Malamin hakimi kuwa alƙalaminsa amana ne. Yana da kyau ya riƙe littafi mai sunayen gwanayen sana'a na gundumar da suka yarda su karɓi manya, ya kuma rubuta takardar shaida da gaskiya, ya faɗi abin da mutum ya iya da halin da aka san shi da shi.

Akwai abu guda da ya wajaba ya ƙi. Za a zo masa a roƙe shi ya taimaka a rage shekaru a takardar shaidar haihuwa, domin mutum ya shiga ƙofar da doka ta rufe. Wannan shaidar zur ce, laifi ne kuma a gaban shari'a. Yanzu ana gwama takardu da lambar shaidar ɗan ƙasa da ta banki, ranar da aka ga sun saɓa, mutumin yana iya rasa aikin, kuɗin fanshonsa su maƙale, sunan ofishin hakimi kuma ya ɓaci. Taimakon da ya dace shi ne a juya shi zuwa ƙofar da ke buɗe.

7. Tambayoyi domin bita

(1) Waɗanne abubuwa ne shekaru ke ragewa, waɗanne suke ƙarawa?

(2) Me Alhaji Alhassan Ɗantata ya ɗauko daga cinikin goro ya kai na gyaɗa?

(3) Magidanci mai shekara 48, mai 'ya'ya bakwai, ya karɓi kuɗin sallama, yana so ya sayi motar haya da su duka alhali bai taɓa harkar mota ba. Wace shawara hakimi zai ba shi?

(4) Waɗanne sana'o'i ne suke mutuwa a gundumarsa, waɗanne kuma suke tasowa? Kowane malami ya rubuta su, ya kai wa hakiminsa kafin taron dagatai mai zuwa.