A Rubuta Ranar Tatsa a Jikin Mazubin Madara

Jama'ar Sakkwato, nono abincinmu ne tun kaka da kakanni. A Mabera, Arkilla ko Runjin Sambo ba a rasa gidan da ake kiwo, wani saniyar Gudali ɗaya ko biyu, wani jajayen awaki, ga kuma matan Fulani masu shigowa da ƙwarya daga rugagen Wamakko, Kware da Dange. Wannan takarda domin masu tatsa a gida ce, da masu sayen ɗanyar madara su ajiye.

Iyayenmu ba su taɓa rubuta komai a jikin ƙwarya ba, domin a zamaninsu madara ba ta kwana biyu tana madara. In an tatsa da safe, a sha wadda za a sha, sauran a zuba mata ɗan tsohon nono, a rufe da faifai, ta kwana ta zama kindirmo. A kaɗa a cire mai, a dama fura. Tsamin nan shi ke tsare nono, don yawancin ƙwayoyin cuta ba sa yaɗo a cikinsa. Kowace ƙwarya kuma da kamanninta da wurin zamanta, uwargida ko cikin duhu ta san ta jiya da ta yau.

To, firiji ya shigo gidajenmu, lissafin ya rikice. Yanzu ana ɗura madara a robobin ruwa, dukansu iri ɗaya, fari fat. Ta Litinin da ta Alhamis ba mai bambance su da ido. A aiki yaro ya ɗauko, sai ya ɗauki wadda hannunsa ya fara kaiwa, wato sabuwar, tsohuwa kuwa ta yi ta komawa lungu har ranar da za a ba wani ya sha.

Wata za ta ce, "Ai zan shinshina." An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, sai dai a nan hanci ma yakan yi kuskure. Madara mai sanyi tana ɓoye warinta, kuma wasu ƙwayoyin da ke sa gudawa da amai ba su da wari ko ɗanɗano. A zafi irin namu na Afrilu da Mayu, da yakan wuce digiri 40, ƙwaya ɗaya tana iya zama biyu cikin minti 20. Ke nan cikin awa biyu ta zama 64. Firiji ba ya kashe su, jinkirta su kawai yake yi, shi ma sai in sanyinsa bai wuce digiri 4 ba.

Saboda haka abu na farko shi ne a tace madara da tsaftataccen ƙyalle, a tafasa ta har ta taso. Tun wajen 1860 da 'yan kai masanin Faransa Louis Pasteur ya nuna cewa zafi yana kashe ƙwayoyin da ke ɓata abin sha. Wasu masana'antu suna riƙe madara a digiri 63 na minti 30, mu da ba mu da ma'auni tafasawa ta ishe mu. Ita ce ke raba mu da tarin fuka na shanu da bakkale, cutar nan mai sa saniya ɓari, mai sa mutum zazzaɓin da ke tafiya yana dawowa.

Sa'an nan sai rubutu. A sami salatif na takarda da biro, a liƙa a jikin roba tun tana bushe, kafin a zuba, domin in ta yi sanyi ta fara gumi ba abin da zai kama. A rubuta rana da kwanan wata da lokaci, misali: Talata, 14, safe, an tafasa. A jikin roba za a liƙa, ban da murfi, don murafe sukan yi musaya wurin wanki. Wadda ba ta yi boko ba ta rubuta da ajami, ai birnin Shehu ba baƙon alƙalami ba ne. Wadda ba ta rubutu ta ɗaura zare, kowace rana da launinta, ta kuma sanar da mutanen gida. Gwangwanin madarar kanti yana ɗauke da lambar NAFDAC da ranar lalacewarsa. Ta gida ba ta da hukumar da za ta buga mata hatimi sai mai ita.

Tafasasshiyar madara a shanye ta cikin kwana uku, in wuta ba ta yi wasa ba. Amma mun san halin wutarmu. Firijin da ba a buɗe ba yakan riƙe sanyi na kamar awa huɗu, bayan nan ranar da aka rubuta ta daina aiki. In aka ɗauke wuta tun dare har hantsi, aka taɓa roba aka ji ta saki, kada a ba yaro. Mai hali ya sa ƙanƙara a kula tun da wuri. Wanda ba shi da hali ya koma dabarar iyaye: ya tafasa, ya bari ta huce, ya kafa kindirmo tun ranar tatsa.

Kada kuma a zuba ta yau a kan ta jiya don robar ta cika. Ɗumin sabuwa yana tayar da ƙwayoyin tsohuwa, kuma in an haɗa, ranar tsohuwar ce ranarsu duka. Sabuwa a tura ta baya, tsohuwa a jawo ta gaba. In roba ta ƙare a ɓare tsohon salatif, a wanke da ruwan zafi da sabulu, a kife a rana. Mai ƙaramin baki da hannu ba ya shiga, gara a rabu da ita a nemi mai faɗin baki.

Masu gida, ku sayo salatif da biro ku rataye kusa da firiji. Iyaye mata, ku koya wa yaran da kuke aika su duba rubutun kafin su ɗauka, wadda ba ta da rana a jikinta su kawo muku ku gani tukuna.