Haɗa Bayanan Kasuwanci: Wace Manhaja Ta Dace?

Kamfani mai rassa da yawa yakan tara bayanansa a warwatse: lissafin ciniki a wata kwamfuta, ƙidayar kayan sito a wata. Muddin ba a haɗa su ba, ana iya karɓar kuɗin kayan da tuni suka ƙare.

Hanyoyi biyu suka shahara. Ta farko, a kwaso bayanai, a tace su, a zuba cikin rumbu guda, galibi da dare bayan an tashi aiki. Da irin wannan aiki kamfanin Informatica, wanda aka kafa a Amurka a 1993, ya yi suna. Ta biyu kuwa, bayanai na gudana nan take, kamar yadda Apache Kafka ke yi, manhajar da LinkedIn ya saki kyauta a 2011.

Banki mai tsoron zamba ba zai jira dare ba. Dillalin hatsi kuwa, lissafin dare ya wadatar da shi, domin Kafka kyauta ce, amma gwanin da zai kula da ita sai an biya shi.

Wurin tacewa ake fi tuntuɓe. Manhajar da ta ɗauki Muhammad da Muhammadu mutum biyu za ta raba bashin mutum ɗaya gida biyu.