Fasali a kan Haƙƙin Mai Kwana a Ƙofar Masallaci

Da sunan Allah na fara, tsira da aminci su tabbata ga Shugaba Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwana cikin ɗariƙa, ku sani na ga wani ciwo ya shiga cikinmu. Muridi ya zo wazifa da asuba, ya iske miskini kwance a rumfar masallaci, sai ya zungure shi da ƙafa, ya ce ya ɓata wuri. Sa'an nan ya shiga ya zauna yana istigfari. Ina amfanin wankin harshe, zuciya tana da dauɗa?

Ku tuna Ahlus Suffa. Bayan juya alƙibla, shekara ta 2 ga Hijira, rumfar da ke bayan masallacin Madina ta zama masaukin waɗanda ba su da gida, ba su da dangi. Abu Huraira yana cikinsu, ya kuwa ba da labarin ya ga mutum 70 daga cikinsu, babu mai cikakkiyar sutura. In an kawo sadaka, Annabi yakan aika musu da ita duka; in kyauta ce, ya ci tare da su. Abu Nu'aimu ya jera sunayensu cikin Hilyatul Auliya. To, waɗannan su ne magabatan faƙirai. Wanda ya raina mai kwanan rumfa, ya raina asalinsa.

Ta wajen fiƙihu kuma, Shehu Halilu cikin Muhtasar ya halatta barcin ƙailula a masallaci, da zaman namiji wanda ya keɓe kansa domin ibada, da saukar baƙi a masallacin ƙauye.

Ga ladabin da nake yi muku wasiyya da shi. In lokacin salla ya yi, ka tashe shi da sallama, da murya mai taushi. Ka ba shi ruwan alwala. Ka tambayi sunansa da garinsu. In akwai zaure a gidanka, ka shimfiɗa masa tabarma, musamman cikin hunturu. Shi kuma a faɗa masa da kyakkyawar magana ya kiyaye tsarkin wuri, kada ya tare sahu ko hanya.

Masallaci ɗakin Allah ne, kai da shi duka baƙi ne a ciki. Ba ka san wanda Ubangiji ya ɓoye cikin tsumma ba.

Allah ya tausasa zukatanmu, ya sa mu cika da imani. Amin. Tammat.