Dutsen Niƙa Mai Aiki da Ruwa

A hutun da ya wuce na tarar an jefar da dutsen niƙan kakata a bayan ɗaki, kaji suna shan ruwa a cikin kwarminsa. Na tambayi dalili, aka ce ai zamaninsa ya wuce tun da injin niƙa ya zo gari. Ba a yi mako guda ba man injin ya yanke, sai ga mata suna sallama suna neman aron dutsen. Ni ma na durƙusa na niƙa dawa kwano ɗaya, kafin in gama hannuna ya yi bororo. Kaka ta yi dariya ta ce, "'Yar nan, haka muka shekara arba'in muna yi, tun kafin kiran assalatu."

Da muka komo makaranta sai na tambayi malaminmu na tarihi, shin mutanen dā ba su sami wata dabarar rage wannan wahala ba? Ya ce in shiga laburare in karanta labarin Barbegal. Abin da na samu shi ne nake so in gaya wa 'yan'uwana ɗalibai.

Barbegal wani wuri ne a kudancin Faransa, kusa da birnin Arles. A can ne Rumawa suka gina gidan niƙa a jikin gangaren tudu, a farkon ƙarni na 2 bayan haihuwar Annabi Isa. Ba su suka fara wannan dabara a wurin ba, domin tun wajen shekara 25 kafin haihuwar Annabi Isa wani magini Barume mai suna Vitruvius ya rubuta bayanin irin wannan niƙa. Abin da ya sa Barbegal ta yi suna shi ne girmanta. Tana da manyan gargare na katako guda 16, an jera su layi biyu, takwas a kowane gefe, wani a ƙarƙashin wani kamar matakala.

Ga yadda abin yake aiki. An jawo ruwa daga duwatsun Alpilles ta wata doguwar magudana da aka gina da dutse, har ya iso kan tudun. Daga nan sai ya zubo ta indararo a kan gargare na farko. A jikin gargaren akwai aljihuna, idan suka cika sai nauyin ruwan ya juya shi. Wani gungume da ya ratsa tsakiyarsa shi ke juya ƙaramin gargare mai haƙora, wannan kuma ya kama haƙoran wani, shi kuwa ya juya dutsen niƙa na sama. Dutsen ƙasa ba ya motsi. Ana zuba alkama ta wata kafa da ke tsakiyar dutsen sama, gari yana fita ta gefe. Ruwan da ya gama aiki a gargare na farko sai ya faɗa kan na biyu, haka har na takwas. Watau ruwa ɗaya yana niƙa sau takwas kafin ya kai ƙasa.

Waɗansu masana sun ƙiyasta cewa ana samun gari wajen tan huɗu da rabi a rana. Ni da kwano ɗaya ya gagare ni, na daɗe ina lissafin yawan matan da za su durƙusa kafin su tara wannan gari.

Aikin ya tsaya a ƙarni na 3, ƙasa ta rufe kangon. Sai a 1937 wani Bafaranshe mai binciken kayan tarihi, Fernand Benoit, ya fara tone shi. Katakon ya riga ya ruɓe, amma ruwan ya bar wani ɓawo mai tauri a jikinsa, irin wanda ke daskarewa a cikin butar shayi. An adana ɓawon nan a Arles, ba a zubar ba. A 2018 masana suka bayyana abin da suka gani cikinsa, cewa niƙan yana tsayawa na waɗansu watanni kowace shekara. Saboda haka suna zaton garin na yi wa matuƙan jiragen ruwa busasshiyar gurasa ne. Da an share wannan ɓawo a ce datti ne, da ba wanda zai san haka.

Dabarar kuwa ta ci gaba da yaɗuwa bayan Rumawa. A 1086, da Sarki Wiliyam ya sa aka ƙirga dukiyar Ingila, an sami gidajen niƙa fiye da 5,000. Irin wannan niƙa yana son ruwa mai gangarowa rani da damina, mu kuwa yawancin ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, rafukanmu da dama kuma sukan ƙafe da rani. Duk da haka dabarar ta iso mu ta wata hanya, gama a madatsar ruwa ta Kainji, wadda aka gama ginawa a 1968, ƙarfin ruwa ne ke juya injunan da ke ba da lantarki.

Yau kangon Barbegal yana nan, mutane suna zuwa daga nesa su gani. Wannan ya sa na tuna da dutsen Kaka. Ba shi da gargare ko magudana, amma shi ya ciyar da mahaifina da 'yan'uwansa, kuma kwarmin da ke tsakiyarsa hannunta ne ya yi shi. Na rubuta wa Baba takarda na roƙe shi ya sa a ɗauke dutsen a mai da shi ɗaki. Ina roƙon kowannenmu idan ya je hutu ya dubi abin da aka yar a bayan ɗakin gidansu, ya tambayi tsofaffi labarinsa tun suna da rai, ya rubuta. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani.