Darasi: Musayar Iska Tsakanin Huhu Da Jini

Darasinmu na wannan karo a kan numfashi yake. Baligi mai lafiya, in yana zaune, yakan ja numfashi sau 12 zuwa 20 a minti guda, kowane ja kuwa wajen rabin litar iska ne. A iskar da muke shaƙa, kashi 21 cikin 100 oksijin ne, amma a wadda muke fitarwa ya ragu zuwa wajen 16. Iskar kabon dayoksaid kuwa, wadda da ƙyar ake samunta a shiga, takan kai kashi 4 a fita. To, ina aka yi wannan musaya?

Maƙogwaro yana rarrabuwa cikin huhu kamar rassan itace, har ya ƙare da ƴan ƙananan jakunkuna, miliyoyin ɗaruruwa, kowace an nannaɗe ta da siraran hanyoyin jini. Bangon da ke tsakanin iska da jini ya fi silin gashi siranta nesa ba kusa ba. Ta nan oksijin ke ratsawa ya kama wani sinadari mai ƙarfe da ke cikin jajayen ƙwayoyin jini, ana ce da shi hemogulobin. Kabon dayoksaid da gaɓoɓi suka tara kuma ya fito, duk cikin abin da bai cika daƙiƙa guda ba. Wannan zagaye na jini, daga ɓangaren dama na zuciya zuwa huhu sannan ya komo hagu, likitan nan Ibnun Nafis, wanda ya rasu a Alƙahira a 1288, ya riga ya bayyana shi.

Ga wurin da muke so a lura sosai. Abin da ya fi tilasta mana jan numfashi shi ne taruwar kabon dayoksaid a jini, ba raguwar oksijin ba. Riƙe numfashinka ka gani: wannan ƙuncin da ka ji, shi ya kawo shi. Garwashin da ke ci a ɗaki rufe kuwa wata iska dabam yake fitarwa, kabon monoksaid, ba ta da wari, ba ta da launi, tana kuma kama hemogulobin fiye da oksijin sau sama da 200. Jini ya cika da ita, gaɓoɓi su rasa abincinsu, mai barci kuwa bai ji wani ƙunci da zai tashe shi ba.

Mun san halinmu in hunturu ya kama: a shigar da kaskon wuta ko murhun shayi ɗaki, a toshe taga da tsumma saboda yara. Mu dai a ganinmu, gara ƙarin bargo. A fitar da kasko kafin a kwanta. Idan mutanen ɗaki ɗaya suka tashi da ciwon kai, da jiri, da tashin zuciya, kada a ce zazzaɓi ne a koma kwance: a fitar da su sarari nan take, a buɗe ƙofa da taga, a kai su asibiti inda ake sa oksijin.