Darasi na Takwas: Littafi, Waya ko Manhaja? Yadda Za Ki Riƙe Alkawarin Masu Kawo Miki Aiki

Lokaci: minti 45, bayan an gama zubi an rufe akwati.

Kayan aiki: littafin rubutu mai layi, biro, kalanda, ƙaramar waya ɗaya da babbar waya ɗaya idan akwai mai ita a cikin ƙungiya.

Manufa: A ƙarshen darasin kowace mai sana'ar da ake kama mata rana, kamar kunshi, kitso, ɗinki, girkin biki ko hayar kujeru da tukwane, za ta iya zaɓar hanyar riƙe alkawari da ta dace da ita, kuma ta san ko ya kamata ta ci rance don sayen babbar waya.

Mataki na 1: Labari

Jagora ta karanta a hankali, sau biyu.

Wata 'yar ƙungiya ce a wani ƙauye kusa da Kiru, sana'arta kunshi. Allah ya ba ta hannu, har daga Kwanar Dangora ake zuwa wajenta. Bayan kaka, da aka sayar da masara bukukuwa suka kankama, sai wata dattijuwa ta tare ta a gidan suna ta ce, "'Yar nan, Alhamis ta sama za ki yi wa amaryarmu kunshi." Ta ce, "To Inna, Allah ya kai mu."

Bayan kwana biyu aka kira wayar maigidanta daga Bebeji, su ma amarya gare su, su ma Alhamis suke so. Maigida ya amsa musu, bai tuna ya faɗa mata ba sai da daddare tana gyangyaɗi. Ta ce to, barci ya kwashe ta.

Ranar Alhamis da hantsi sai ga amare biyu a tsakar gida, kowace da ƙawayenta. Kunshin amarya kuwa kusan wuni yake ci, ga zane, ga jiran ya kama. Ta ba da haƙuri har ta gaji. Mutanen Bebeji suka juya, sun yi asarar kuɗin mota, kuma ba su yi shiru ba. Wannan watan da kyar ta biya rancen da ta ɗauka a akwati.

Da ɗanta da ke karatu a Kano ya ji, sai ya ce, "Umma, ki sayi babbar waya in sa miki manhajar da ake kama rana da ita. Ba za a sake samun haka ba." Shi ne ta kawo maganar gaban ƙungiya, tana neman sabon rance.

Tambayoyin tattaunawa:
1. A ina aka fara samun kuskure?
2. Ban da kuɗin aikin ranar, me kuma ta rasa?
3. Da tana da babbar waya, dattijuwar da ta tare ta a gidan suna za ta yi amfani da manhaja?
4. Wace a cikinmu irin haka ta taɓa faruwa da ita?

Jagora ta bari mata su yi magana. Kada ta yanke hukuncin rancen tukuna.

Mataki na 2: Mece ce manhajar kama rana?

Manhaja ita ce abin da ake saukewa a babbar waya don ta yi wani aiki, kamar WhatsApp ko Facebook. Akwai waɗanda aikinsu riƙe alkawari ne, irin su Calendly, Fresha da Setmore. Mai sana'a za ta shigar da ranakun da take aiki da tsawon lokacin da kowane aiki yake ci. Mai son aiki zai latsa adireshin da aka tura masa, ya ga lokacin da ba kowa, ya kama. Da ya kama, manhajar ta rufe wannan gurbi, wani ba zai samu ba. Wasu har saƙon tuni suke turawa.

A Ingila da Amurka har mai goge gilashin tagogin gidaje yana amfani da irin wannan. Ta yi masa daidai ne saboda masu ba shi aiki suna da babbar waya, suna karanta Turanci, suna biya da kati, kuma da agogo suke sa lokaci. To mu fa? Mu "bayan Azahar" muke cewa, ko "da hantsi", ko "kashegarin suna". Yawancin masu kawo mana aiki yaro suke aikowa, ko su kira, ko mu haɗu a gidan biki. Saboda haka tambayar ba ita ce wace manhaja ta fi kyau ba. Tambayar ita ce: ta wace hanya mutanena suke zuwa mini, kuma a ina zan ajiye maganarsu kada ta ɓace?

Mataki na 3: Hanyoyi huɗu

Hanya ta farko, littafi. Kowane shafi mako ɗaya ne, an raba shi gida bakwai, Asabar zuwa Juma'a. Kowace rana a raba ta uku: safe, bayan Azahar, bayan La'asar. Ba ya son caji, ba ya son sabis. Wadda ba ta yi boko ba ta rubuta da ajami, ko ta yi alama: zanen hannu kunshi ne, almakashi ɗinki ne, tukunya girki ne. Illarsa: ruwa, gara da yara. A sa shi a leda, a ajiye a sama.

Hanya ta biyu, littafi da ƙaramar waya. Ana kiran ki kai tsaye, kina rubutawa nan take. Yawancin ƙananan wayoyi suna da kalanda da ƙararrawar tuni, kuma cajinsu yana kwanaki. Idan wayar maigida ce ko ta ɗanki, ku yi magana da shi cikin ladabi: "Don Allah in an kira a kan aiki kada ka amsa musu, ka ce zan kira su in na duba littafi."

Hanya ta uku, littafi da WhatsApp Business. Wannan manhaja ta fito a watan Janairun 2018, an yi ta don masu ƙananan sana'o'i, kuma sauke ta kyauta ne, data kawai za ki saya. Za ki iya sa hotunan aikinki da farashi, ki rubuta lokutan da kike aiki, ki shirya amsar da za ta tafi da kanta idan hannunki yana cikin lalle, ki kuma yi wa kowace hira alama, kamar "ta biya" ko "saura ciko". Babban amfaninta a wajenmu shi ne saƙon murya: ba sai an iya rubutu ba, kuma maganar tana nan a ajiye idan gardama ta taso. Amma ki sani, lamba ɗaya ba ta zama a WhatsApp na gida da na kasuwanci a lokaci guda. Kuma in kin amsa wa mutum biyu rana ɗaya a cikin hira, ba za ta tsawatar miki ba. Littafin dai yana nan.

Hanya ta huɗu, manhajar kama rana. Ita ce ke rufe gurbi da kanta. Sai dai tana son data a kai a kai, da Turanci ake sarrafa yawancinsu, kuma wasu kyauta ne a farko, sai an saba a ce a biya duk wata, wani lokaci ma da dala. Tana iya yi wa mai shago a gari amfani, wadda take da 'yan aiki biyu ko uku, kuma kwastomominta ma'aikata ne da ɗalibai.

Mataki na 4: Tambayoyi biyar kafin ki zaɓa

Ta ɗaya: Cikin mutum goma na ƙarshe da suka kawo miki aiki, nawa ne suka aiko yaro, nawa suka kira, nawa suka turo saƙo ta intanet? Ki ƙirga da gaske. Inda suka fi yawa, nan ne hanyarki.

Ta biyu: Akwai sabis a cikin ɗakinki, ko sai an fita waje an nemi tudu? Abin da ya yi wa matar da ke bakin titi a Kwanar Dangora ko cikin garin Tudun Wada, ba lalle ne ya yi wa wadda ke ƙauyen can ciki a Doguwa ba. Ki gwada layinki a inda kike aiki, ba a kasuwa ba.

Ta uku: A ina za ki yi caji, kuma nawa ne a mako? Wayar da ke kwana wajen mai caji ba ta riƙe miki alkawari ba.

Ta huɗu: Ke da kanki za ki iya sarrafa ta? Idan sai ɗanki yana gida, to ranar da ya koma makaranta sana'arki ta tsaya.

Ta biyar: Idan wayar ta faɗa ruwa ko aka sace ta, alkawuran suna ina?

Mataki na 5: Mu yi lissafi tare

Jagora ta rubuta a allo. Waɗannan kuɗaɗe misali ne, ku sa farashin kasuwarku na yau.

A ce waya ₦90,000 ce. A yawancin ƙungiyoyi rance ba ya wuce ninki uku na abin da mace ta tara, kuma cikin wata uku ake biya. Ke nan sai ta tara ₦30,000 kafin a ba ta, sannan ta riƙa biyan ₦30,000 duk wata. A ƙara ₦3,000 na data da caji, ya zama ₦33,000. Idan ribarta a aiki ɗaya ₦2,000 ce bayan ta cire kuɗin lalle da sauran kaya, sai wayar ta kawo mata ƙarin aiki 17 a kowane wata kafin ta biya kanta. Ƙari fa aka ce, ban da wanda ta saba samu.

Yanzu a tambayi ƙungiya: mai kunshin nan za ta samu ƙarin aiki 17 duk wata? Ko da ta samu, hannunta zai iya? Me zai faru a watan azumi kafin a shiga goman ƙarshe, ko da damina lokacin da kuɗi suke gona?

Idan lissafi bai fita ba, ta fara da littafi, ta riƙa tara kuɗin wayar a zubinta har ranar rabo. Daidai ruwa, daidai tsaki. Idan kuwa ya fita, kuma masu neman ta ta intanet sun yi yawa, babu laifi ƙungiya ta duba buƙatarta.

Mataki na 6: Ƙa'idojin da ba sa canzawa

Kowace hanya kika ɗauka, ki riƙe waɗannan.

Wuri ɗaya. Duk alkawari, ko a gidan suna aka yi shi ko a waya, wuri ɗaya yake shiga. Kada ki ce "to" sai kin duba. Ki ce, "Hajiya, bari in duba littafi, zan aiko miki kafin Magariba." Wannan ba wulaƙanci ba ne, mutunta ta kika yi.

Kafin alƙalami. Rana ba ta kamu ba sai an ba da wani abu, ko da na sayen kayan aiki ne. Ki rubuta abin da aka bayar da abin da ya rage. Ki faɗa tun farko me zai faru da kuɗin idan aka ɗaga biki ko aka fasa. Idan kuma ke ce kika saɓa, ki mayar da shi cif, ki haɗa da ban haƙuri.

Ki san iyakar hannunki. Amarya nawa kike iya yi a wuni? Kaya nawa kike iya ɗinkawa a mako? Ki rubuta adadin a saman shafi. Idan ya cika, ya cika, ko da jajibirin Sallah ne. Taura biyu ba ta taunuwa. Ki tura ragowar ga 'yar uwarki a ƙungiya, gobe ita ma za ta turo miki.

Tuni. Ana gobe ki kira ko ki aika yaro: "An ce a tuna muku, gobe ne da hantsi."

Mataki na 7: Hattara

Idan an ce an tura miki kuɗi, kada ki yarda da hoton rasit ko alat kawai, domin akwai na bogi. Ki duba asusunki ki ga kuɗin sun shiga.

Kada ki ba kowa lambar sirrin asusunki, ko lambobi shida da WhatsApp ke turowa, ko da ya ce daga kamfani yake. Da su ake ƙwace layi a dinga roƙon kuɗi da sunanki.

Kada ki sa hoton hannu ko fuskar wata a waya sai da izininta. Lambobin matan mutane da ke wajenki amana ne.

Aikin rukuni

A kasu gida uku. Kowane rukuni ya zana shafin mako ɗaya. Mace ɗaya ta zama mai sana'a, sauran su zo mata da buƙatu a jere: ɗaya ta aiko yaro, ɗaya ta kira, ɗaya ta nace sai ranar da aka riga aka kama. A ga yadda mai sana'a za ta ƙi ba tare da ta ɓata wa kowa ba. Daga nan a koma kan buƙatar mai kunshin labarinmu, kowane rukuni ya faɗi shawararsa da dalilinsa.

Abin tunawa

Irin wannan tsari namu na akwati ya faro ne a Maradi, Jamhuriyar Nijar, a 1991, da ƙungiyoyin Mata Masu Dubara waɗanda CARE ta tallafa wa. Wayar salula kuwa sai a 2001 ta fara yaɗuwa a Najeriya. Ba waya ce ta riƙe wa matan nan kuɗinsu ba. Ƙa'ida ce: akwati ɗaya, lissafi a gaban kowa. Haka za ki riƙe ranakun aikinki. Alkawari kaya ne, ki san inda kike sauke shi.

Aikin gida: Kowace mai sana'a ta zana shafin makon nan, ta kuma ƙirga ta wace hanya mutum goma na ƙarshe suka same ta. A zo da shi zama mai zuwa, in Allah ya kai mu.