Darasi na 9: Gardamar Ariyus

Karatu: Yohanna 14:28, Filibiyawa 2:5-11.

'Yan'uwa, kada ku zaci na waje kaɗai ne suka yi tuntuɓe da koyarwar Allah Ɗaya cikin Uku. Ariyus dattijon ikilisiya ne a Iskandariya ta Masar. Wajen shekara ta 318 ya soma koyarwa cewa Ɗan halittacce ne, akwai lokacin da babu shi. Hujjarsa ba abin rainawa ba ce: uba yakan riga ɗansa, kuma Yesu da bakinsa ya shaida Uban ya fi shi girma.

A shekara ta 325 shugabannin ikilisiya suka taru a Nikiya, suka ƙi maganarsa. Atanasiyus, wanda aka kora daga Iskandariya har sau 5 saboda wannan al'amari, ya kafe a kan abu guda: halitta ba ta iya ceton halitta. In Kristi halittacce ne, ashe sujadar da muke yi masa bautar gumaka ce. Ayar Yohanna kuwa, ga fahimtarmu, tana zancen kwanakin ƙasƙancinsa ne, sa'ad da ya zama mutum.

Tambaya: In wani ya kawo muku Markus 13:32, ƙaƙa za ku amsa masa?